Bindin Rigar Harlan

Kowane gari da nasa gwanin cika baki. Namu kuwa, Allah da ikonsa sai ya haɗa ni uwa ɗaya uba ɗaya da shi, don haka ba ni da wurin gudu. Sunansa Harlan, ƙanena ne. Ya ba hamsin baya, amma har yau hankalin yana hanya bai iso ba.

Ni ce Lorna, mai ɗan gidan abincin nan na bakin titi a garinmu, nan arewacin Wisconsin. Kullum da safe Harlan zai zo ya hakimce a kujerar da ke kusa da tukunyar kofi, ya cika cikinsa da fankena, sannan ya buɗe baki. In ka ji yana labarin farauta sai ka rantse duk barewar da ta rage a dajin nan, tausayinta ya ji ya ƙyale ta. Akwai wadda ya ce ya harba tana gudu, ana ruwa, ta sha bayan bishiya, shi kuma yana cikin atishawa.

To amma gani ya kori ji. Je ka bukkar mafarautan garin nan ta bakin fadama ka dubi bango. Duk wanda ya saki kibiya bai sami komai ba, a ranar ake kama shi a datse masa bindin riga da almakashi, a buga a bango da ƙusa. Kowa yana da ɗaya ko biyu a wurin, har Baba Gunder, dattijon da ke shugabantar bukkar. Harlan kuwa bango guda aka ware masa. Na san rigunan nan ɗaya bayan ɗaya, don ni nake kalmashe abin da ya rage. Babu rigar ƙanena da ke shiga wando. In ka tambaye shi sai ya ce yayi ne.

Wata safiya, ganye ya fara ja, an kusa buɗe farautar baka, sai ga Darlene ta shigo. Ƙawata ce tun muna yara, tsohuwar direbar motar 'yan makaranta. Mijinta Leland ya rasu da hunturun bara. Shi ne ya kafa kujerar katako a saman tsohuwar bishiyar nan ta bakin fadama, inda barewa suka fi bi, kuma a kanta yake zama kowace kaka tun kafin su yi aure. Ko gaisawa ba mu gama ba ta wuce teburin Baba Gunder.

"Baba Gunder, yaya maganar bishiyar Leland?"

Tsohon ya ajiye cokali. "Kin san doka, 'yata. In mai wuri ya tafi, wurin na iyalinsa ne, muddin akwai mai hawa ranar buɗe farauta. In babu, sai a ba na gaba. Ga surukina na birni can ya daɗe yana haɗiyar yawu."

"Ni zan hau."

Baba Gunder ya dube ta sama da ƙasa.

"Kin taɓa jan baka?"

"Ban taɓa ba. Amma na yi shekaru ina kwasar yaran garin nan a kan ƙanƙara, ban zubar da ko ɗaya ba."

Baba Gunder ya shafa gemu. "To ki nemi baka naki, ki huda mini farantin takarda a gabana kafin ranar. Ba ma barin mutum ya je ya ji wa dabba ciwo, ta gudu da kibiya a jiki. In kin huda, bishiya taki ce."

Ga inda gizo ke saƙar: bakan Leland ya fi ƙarfinta, ko motsa tsarkiyar ba ta iya yi, kuma ɗansu ya riga ya tafi da shi. Sabo kuwa, irin mai gargare sama da ƙasa da kowa ke riƙewa yanzu, ba na aljihun gwauruwa ba ne. Sai dai na hannu. Na dubi idonta na ga ba nama take nema ba. Ba ta so wani ya zauna inda mijinta ya zauna, shi ke nan. Wallahi sai da tausayinta ya kama ni.

Kafin kowa ya yi magana kujerar Harlan ta yi ƙara.

"Darlene, kin zo gidan sauƙi! Ni fa daga nesa nake gane baka. In na ɗora hannu a kansa sai in gaya miki barewa nawa ya kashe, da kuma wadda ta tsere."

"Waɗanda suka tsere kam ka san su," in ji wani daga baya.

Bai ko juya ba. Darlene ta ɗauki kofinta da hagu, kamar yadda take yi tun muna aji ɗaya malama na bugun hannun, ta ce, "Na gode, Harlan. Sai dai akwai abu ɗaya, ni fa..."

"Kar ki ce komai. Mara lafiya ba ya koya wa likita aiki."

Ya biyo ni kicin yana murza hannu, ya zayyana mini shirinsa kaf. Shi zai zaɓi bakan, shi zai koya mata, ta kashe namijin barewa mai ƙaho kamar reshen bishiya, a buga hotonsu a jaridar gari yana tsaye a gefenta. Daga nan kuma, kafin Kirsimeti, wa ya sani?

"Wa ya sani me?" na ce.

"Yaya, mace ba ta mantawa da wanda ya zaɓa mata bakanta na farko."

"Wannan kam gaskiya ne. Shi nake ji maka tsoro."

Ya ciro abin awon labulena daga durowa, ya fita gaban jama'a, ya ware hannuwa. Wai kowane baka da iya inda ake jansa, kuma tsawon hannu ake aunawa. Wannan dai ya ji shi daidai. Ya ce in auna.

"Ai ita za a auna, Harlan."

"Hannu hannu ne, Yaya. Ba na so in wahalar da ita."

Mutumin da ya yi tsawon falwayar wuta, ita kuwa da ƙyar ta kai masa hammata. Na auna shi. Me zan yi? Wanda bai ji bari ba zai ji hoho.

Washegari muka nufi gonar wani manomi, Duane, don an ce yana da tsohon baka. Na rufe shago na bi su, saboda na san halin kayana. Bakan yana rataye a rumbun ciyawa, tattabaru sun yi masa ado. Harlan ya sauke shi, ya ƙwanƙwasa ya kara kunne kamar mai sayen kankana. Ya sunsuna. Ya lumshe ido ya gyaɗa kai.

"Yaya, ba ni auduga."

Ya taɓa ganin masana suna shafa auduga a hannuwan baka. Shafawar ya gani, dalilin ne bai tsaya ji ba. Na zaro masa audugar da ke bakin kwalbar maganina. Yana shafawa sai ta maƙale, zare-zare, a jikin hannun bakan na sama.

"Kun gani? Ya kama!" Ya ɗaga mana kamar ya tsinci zinariya. "Bakan da ya kama auduga, ina barewa za ta tsere masa?"

Duane, bawan Allah, ya sosa ƙeya. "Harlan, ai tsagewa ce ta kama ta. Tarakta ce ta bi ta kansa shekaran bara."

"Tarakta ta taka shi bai karye ba? To wane baka ne ya kai wannan a faɗin jihar nan?"

"Tsarkiyar ma ɓera ya ɗan taɓa ta."

"Ɓera ya san abu mai kyau."

Darlene ta dubi tsarkiyar da ta yi gashi-gashi, ta dube ni. "Harlan, ko ma lafiyarsa ƙalau, ina ganin ya kamata ka san ni..."

"Bari in duba kwarin tukuna. A kwari ake gane mutuncin mai baka."

Ya cusa hannu cikin kwarin har wuyan hannu. Ashe rina sun yi gida a ciki, da 'ya'ya da jikoki. Ban taɓa sanin ƙanena yana iya gudu haka ba. Ya fita ta ƙofar shanu yana kaɗa hannu, ya tsallake kwatami, ya faɗa mota ya kulle kansa, mu kuma ya bar mu a waje. A hanyar dawowa yatsunsa uku sun kumbura sun yi suntum, amma bakin lafiya lau.

"Da ma ban yi niyyar saye ba," ya ce. "Gwada Duane nake yi, in ga ko zai faɗi gaskiya."

Saura wuri ɗaya: kasuwar kayan farauta da ake ci ranar Asabar a zauren 'yan kwana-kwana, inda kowa ke kawo tsofaffin kayansa, matan coci kuma su dafa faten wake da nama mai yaji. In ba a samu a nan ba, to an zo fafe gora ranar tafiya. Darlene ta gaya mini ko barcin kirki ba ta yi ba.

Harlan ya iso da sabuwar riga ja mai gida-gida, an soke ta cikin wando tsaf. Rabon da in ga ƙanena da cikakkiyar riga har na manta. Ga turare kamar an fasa kwalba. A hannunsa kuma ƙunshin soyayyen cuku, yana ci yana lashe kumburarrun yatsun.

Teburin farko na Fasto Amdahl ne. Mutumin kirki, amma abin da ya sani game da baka bai wuce abin da na sani game da jirgin sama ba. Matarsa Ardis ce ta bar shi gadi ta shiga kicin. A gabansa ga wani ɗan baka madaidaici, tsaf-tsaf, tsarkiyarsa ta sha kakin zuma tana sheƙi. Na ga idon Darlene ya tsaya a kansa.

Harlan ya riga ta ɗauka. Ya riƙe, mariƙin ya ƙi zama a tafinsa. Ya juya, ya leƙa, ya sake juyawa. Sai ya saki wata dariya da ta sa rabin zauren suka waiwayo.

"Fasto, wa ya cuce ka?"

"Ni? Me ya faru?"

"Dubi mazaunin kibiya, yana wancan ɓarin. Dubi saiti, shi ma can. An haɗa shi a baibai! Ranar Litinin aka ƙera wannan, ma'aikata ba su wartsake daga shan Lahadi ba. Wanda duk ya harba shi, kibiyar baya za ta yi."

Fasto ya dafe ƙirji. "Baya? Ardis ta yi shekaru tana..."

"Addu'arka ce ta tsare ta."

Darlene ta miƙa hannu. "Harlan, bari in ɗan riƙa mana. Ina ga kamar..."

"Ki riƙa me? Ina raye?" Ya ja ta gaba. Fasto kuwa ya tura bakan ƙarƙashin tebur ya ja mayafi ya rufe. Ya ce shi ba zai sayar wa mutane ajalinsu ran Asabar ba, sannan ya tsaya yi musu wa'azi ran Lahadi.

Can ƙuryar zaure Merle yake, ƙaton nan mai saran itatuwa, wanda damtsensa ya kai cinyata. Bakansa baƙi ne wuluk, gargarensa kamar faifai. Harlan na hango shi ya tsaya cak.

"Ga shi! Darlene, ga bakanki."

Merle ya dubi Darlene daga sama zuwa ƙasa, abin da bai ɗauke shi lokaci ba. "Wannan? Harlan, laba saba'in ne nauyin jansa. Ni kaina sai na karya kumallo."

"Za ta saba. Bari in nuna mata yadda ake yi."

"To ga kibiya, mu fita waje wurin damin ciyawa. Ga kuma maɗaurin hannu mai kunama, shi zai riƙe maka tsarkiyar."

"Maɗauri na yara ne. Da yatsu kakanninmu suka ci dajin nan."

"Ka dai ga allo." Merle ya nuna bango da haɓa. Kowa a garin nan ya san abin da ke rubuce a wurin, har wanda bai iya karatu ba: wanda ya yi harbin wofi, ya saya. Bakan gargare in aka ja shi aka saki ba kibiya, ƙarfin da zai tura kibiyar kansa yake komawa, ya farfasa shi.

"Ni za ka karanta wa allo? Ja kawai zan yi in mayar."

Ya goge yatsun a wando, sama-sama, ya kama tsarkiya. Ya ja. Ba ta san yana yi ba. Ya gyara tsayuwa ya sake ja, fuskarsa ta koma kalar rigar. Ya ɗaga bakan sama yana nuna fitila, ya gantsare, ƙafa ɗaya ta bar ƙasa, jijiyar wuya ta fito raɗa-raɗa, wani sauti ya fita daga maƙogwaronsa kamar ana tura tsohuwar mota. Can sai gargaren suka juya, nauyin ya saki, tsarkiyar ta zo masa har kunne.

Sai murmushi. "Kin gani, Darlene? Kamar jan labule. Haka zan iya tsayawa har gobe."

"Madalla," in ji Merle. "To mayar da shi a hankali."

Nan fa ake yin ta. Abin da ƙanena bai sani ba, nauyin nan da ya saki bai tafi ko'ina ba, yana nan yana jiransa a hanyar komawa. Ya ɗan sassauta, bakan ya fizge shi kamar zai cire masa kafaɗa. Ya yi maza ya dawo da shi kunne. Ya sake gwadawa. Ya sake dawowa. Murmushin yana nan a fuskar, amma mai shi ya tafi.

"Mayar mana."

"Ina zuwa. Ina nuna mata yadda ake riƙewa ne."

"Harlan," na ce, "ka maƙale ne?"

"Yaya, don Allah ki yi shiru."

Yaya, don Allah! Rabon da ya ce mini don Allah tun ranar da ya faɗa rijiyar makwabta. Nan da nan jama'a suka taru, kowa da shawararsa.

"Kar ka saki!"

"Lanƙwasa gwiwa!"

"A'a, miƙe gwiwar!"

"A kira 'yan kwana-kwana!"

"Ai a gidansu muke!"

Duk wanda ya yi magana sai Harlan ya juya wajensa da bakan a ɗane, mutane su zube ƙasa, ko da yake kowa ya san ba kibiya. Gumi ya jiƙa sabuwar riga. Ina kallon tsarkiyar tana zamewa a kan yatsun nan masu maiƙon cuku, kaɗan-kaɗan.

"Tsaya cak," in ji Merle, yana lallaɓowa kamar mai kama kaza. "Zan kama tsarkiyar mu sauke tare. Kar ka yi motsi. Kar ka yi numfashi ma."

Daidai nan Ardis ta turo ƙofar kicin da ƙatuwar tukunya, ta dire a tebur, ta buɗe murfi. Tururin barkono ya taso ya nufo mu. Na ga hancin Harlan ya motsa. Ya sake motsawa. Idonsa ya kawo ruwa.

"Ba komai, ɗan'uwa," na ce. "Ai ka saba harbi kana atishawa."

Hatsiii!

Ƙarar da ta biyo baya, wasu sun ce kamar bindiga, ni dai na ce kamar an jefo kwanon rufi daga sama. Tsarkiya ta tsinke ta zabga masa bulala a hannu. Gargare ɗaya ya fice ya bi ƙasa yana gungurawa har ƙofa, karen wani ya bi shi da haushi. Ɗan zoben leƙen saiti ya tashi sama, kowa ya bi shi da ido, ya sauka tsulum cikin faten wake. Harlan ya yi zaman 'yan bori a ƙasa, abin da ya rage na bakan yana kan cinyarsa.

Merle ya tsuguna a gabansa, ya dafa masa kafaɗa. "Allah ya sanya alheri. Ka yi baka."

Ba shi da abin biya, don haka a wurin aka yanke: injin kwalekwalensa zai koma gidan Merle. Ni kuwa Darlene nake kallo. Ba ta yi dariya ba. Tana tsaye ta harɗe hannu tana kallon teburan da aka fara naɗewa, can gefe kuma surukin Baba Gunder yana ta murmushi cikin kwanon fate. Raina ya ɓaci ƙwarai, har na fara neman abin da zan kwaɗa wa ƙanena.

Sai mayafin teburin farko ya motsa. Fasto Amdahl ne, ashe tun ƙarar nan ya shige ƙarƙashi. Ya rarrafo waje rungume da ɗan bakan nan kamar garkuwa.

Ardis ta riƙe ƙugu, ludayi a hannu. "Me bakana yake yi a ƙarƙashin tebur?"

"Ai... a baibai yake, uwargida. Harlan ya ce kibiyar baya take yi."

"Baibai? Shekara nawa kana cin naman da bakan nan ya kawo, ka taɓa ganin na dawo da kibiya a goshi? Bakan bahago ne! Ni da wane hannu nake zuba maka abinci?"

Fasto ya dubi ludayin. Yana hannun hagu. "Ashsha," ya ce a hankali. "Ɗazu kuwa wani ya zo daga garin gaba yana neman bakan bahago ido rufe. Na ce masa babu."

Darlene ta matso. A karo na farko ba wanda ya tare ta.

"Ni bahaguwa ce," ta ce. "Abin da nake ta son faɗa ke nan tun ran farko."

Ni kaina sai a lokacin na san har baka yana da bahago. Ardis ta ajiye ludayi ta jera kafaɗa da ita, tsawonsu ɗaya kamar an gwada. Ta ce ita ciwon kafaɗa ne ya hana ta farauta, ba laifin bakan ba. Ta karɓi ragowar audugata ta shafa a hannuwansa sama da ƙasa, ta fito sumul. Muka ɗunguma waje wurin damin ciyawa. Ta ɗaura wa Darlene maɗauri a hagu, ta ɗana mata kibiya. Darlene ta ja, tsarkiya ta zo ta tsaya daidai gefen bakinta kamar don ita aka yi. Kibiyar ta wuce damin ta shige shingen 'yan kwana-kwana, amma dai gaba ta yi.

"Kullum da yamma ki same ni a bayan coci," in ji Ardis. "Faranti ba wuya."

Sai ga murya daga bayanmu. Harlan ne, hannu naɗe da tawul ɗin kicin.

"To, kun ga aikina? Da ban kushe shi ba, da mutumin garin gaba ya tafi da shi. Ɓoye mata shi na yi. Dabara ce, sai mai zurfin tunani."

Abin haushin, rabin maganar gaskiya ce.

Baba Gunder ya yi gyaran murya. Ashe tun ɗazu yana wurin yana kallon komai. "Jama'a, ina da tambaya. Mutumin nan ya ja baka?"

"Ya ja!"

"Ya saki?"

"Ya saki!"

"Ya sami wani abu?"

"Tukunyar fate!"

"Tukunya ba dabba ba ce. A kawo almakashi."

"Baba Gunder, ai ba a buɗe farauta ba!" in ji Harlan, yana ja da baya yana dafe da wando. "Kuma ba kibiya! Kuma sabuwa ce, jiya na saye ta!"

"Shi ya sa. Tun da aka kafa bukkar nan ba a taɓa samun wanda ya yi kuskure tun kafin a fara ba. Darlene, ke ya yi wa aiki, ke za ki yanka."

Merle ya riƙe shi ta baya, aka zaro rigar daga wando. Darlene ta karɓi almakashi da hagu, ta datse bindin tsaf, kamar mai yankan atamfa. Baba Gunder ya miƙa hannu zai karɓa don bango, sai ta naɗe ƙyallen ta sa a aljihu.

"Wannan ba na bango ba ne. Ni zan riƙe."

Kai, zo ka ga Harlan! Ya manta da hannu, ya manta da inji. A mota har waƙa yake yi. "Yaya, kin gani? A aljihun ƙirji ta sa. Na gaya miki mace ba ta mantawa."

Kafin ranar ta zo Darlene ta huda farantin a gaban Baba Gunder, ta sake hudawa don kar a ce sa'a ce. Surukin birni ya koma da yawunsa. Ranar buɗe farauta ta hau bishiyar Leland. Daga baya ta gaya mini katakon ya yi sulɓi daidai inda yake zama, har da ɗan ramin da dugadugansa suka ci. Ta ce ta zauna a wurin ta yi kukanta mai isarta, irin wanda ba ta samu yi ba ranar jana'iza, sannan ta share ido ta ɗana kibiya.

A mako na biyu ta kayar da namijin barewa. Harlan ne ya fara isa gindin bishiyar don a jawo barewar tare, da rigarsa mai guntun baya. Ya ɗaga kai, sai ga jan ƙyalle mai gida-gida ɗaure a reshe yana kaɗawa.

"Darlene, wancan fa?"

"Shi ke nuna mini inda iska ke bi. Leland tsumma yake ɗaurawa. Naka ya fi kyau, ana ganinsa ko gari bai gama wayewa ba. Yau ma shi ya ce mini in jira, iska ta juya, barewar ba ta ji ƙanshina ba."

Kuna tsammanin jikinsa ya yi sanyi? Ku zo da safe ku same shi kusa da tukunyar kofi. Yanzu labarin ya zama "barewar da muka kashe ni da Darlene". In wani ya ce ai ba ka wurin, sai ya buga tebur ya ce wallahi da shi aka yi, a kan bishiyar ma, tun daga asuba har aka saki kibiya.

Ni dai ba na ƙaryata shi. Wani ɓangarensa yana wurin, kuma shi ne kaɗai ɓangaren ƙanena da ya taɓa iya yin shiru har barewa ta iso.